Termos Bakwai a Minguettes

Shekarata goma sha huɗu a Minguettes, gefen Lyon, amma halin da na taso da shi a Maraɗi bai sake ni ba. Kullum da safe sai na tafasa ruwa na cika termos bakwai. Ɗiyata Yasmine ta mai da ni abin dariya. "Maman, nan Faransa ne fa, ba a ɗauke wuta!"

Sai ga sanyin Fabrairun 2012. Rediyo na ta roƙo a rage kunna abin ɗumama ɗaki, kowa ya yi kunnen ƙashi. Ranar Talata da la'asar aka ɗauke wutar unguwarmu, wai sai bayan awa uku.

Ba a jima ba aka fara buga mini ƙofa. Maƙwabciyata Madam Rose na neman ruwan haɗa wa jinjirinta madara, tsohon da ke samanmu yana rawar ɗari yana son shayi. Na yi ta rabon termos har saura ɗaya.

Yasmine ta matso lulluɓe da bargo. "Maman, ɗan ruwan zafi..."

Na rungume abina. "Haba ɗiyata, nan Faransa ne fa."