Sunan Suruki

Shayin da Burul ke zubawa ya zama kogi a idonta, kofunan suna ta iyo a kai. Tun da ta haihu jikinta ke ci da wuta, amma a gidan Toktosun matar ɗa ba ta kwanciya manya na zaune. Ta miƙa wa surukinta kofi tana murmushi.

"Toktosun, karɓi naka."

Kowa ya juyo yana kallonta. A duk ƙasar Narin wace matar ɗa ce ke kama sunan uban mijinta? Ita da tun zuwanta "Mai Farin Doki" take ce masa! Kafin uwar mijinta Kalipa ta gama salati, Burul ta sulale ƙasa.

* * *

A asibitin gunduma, muryar nas Jipara ta riƙa zuwar mata daga nesa, kamar daga bayan dutse, tana yi wa Kalipa bayani.

"Inna, abu uku nake dubawa: numfashi, awon jini, da hankali. In biyu suka ɓaci, cuta ta shiga jini, yanzun nan za mu shiga da ita wurin likita, don rai na hannun Allah. In ɗaya ne, sai ta bi layi."

Numfashin ya yi sauri, ɗaya ke nan. Awon jinin da ƙyar ya tsallake.

"Ƙanwata, ina muke nan?"

Burul ta san amsa sarai. A ganinta suna makiyayar kan tsauni, goɗiyoyin babanta na kiwo cikin hazo, mahaifiyarta na ƙwala mata kira. Ta sunkuyar da kai tana saurare. Jipara ta juya ga Kalipa.

"A gida ta yi sambatu? Ko ta faɗi abin da ba ta saba faɗa ba?"

Kalipa ta saci kallon layi. Ga maƙwabciyarsu can, mai bakin da bai iya riƙe ko ruwa ba, ta baza kunne.

"Sambatu? Allah ya sawwaƙe! Kunya ce, 'yar nan. Ba ta buɗe baki gaban surukai."

Ermek, mijin Burul, ya motsa leɓe. Uwarsa ta ɗago ido, sai ya koma kallon takalminsa. Ita ma Jipara matar ɗan wani ce, ta san irin wannan shirun. Ta gyaɗa kai.

"To, ɗaya ne. Ku jira a benci."

* * *

Bencin ya yi wa Burul laushi kamar ciyawa. Wutar jikinta ta lafa, wani sanyi mai daɗi ya taso daga ƙafa. Nono ya jiƙa mata gaban riga, ta so ta tambayi wa ke riƙe da jaririn, amma maganar ta yi mata nauyi.

Rana ta karkata kafin layi ya iso kansu. Aka kira sunanta, aka sake kira. Ermek ya taɓa hannunta, ya ji shi sanyi ƙalau, ba ta ko numfashi, ya janye nasa da sauri.

"Inna..."

Kan Burul ya langaɓe a kafaɗarsa, ɗankwalinta ya zame. Kalipa ta yi maza ta ja mata shi, kada mutane su ga gashinta.