Faranti Ukun da Suka Ƙi Tsira

Shekara ashirin da biyu Inna tana dafa wa funfuna abinci a ɗakin gwaje-gwaje, kuma taƙamarta ɗaya ce: ba ƙwayar da ta taɓa ƙin tsira a hannunta. Har tsokanarta ake yi, wai ko dutse ta ɗora a faranti sai ya yi gashi.

Ran nan Dakta, yarinyar da Inna ta koya wa sa safar hannu, ta kawo faranti shida na wata funfuna mai kama huhu. Ta ce a ba su sukari mai wuyar narkewa, ta wuce taro na mako guda.

Uku suka yi fari fat. Uku kuwa ƙememe, ko ɗigo. Kunya ta kama Inna. A ce aikin yarinyar nan na shekara uku a hannunta zai mutu? Ina! Ta ɗebi irinsu ta shuka a sababbin faranti da sukari mai sauƙi, ta ɓoye tsofaffin a bayan kwalabe. Kafin kwana uku sun cika taf.

Da Dakta ta dawo ta gani, sai ta nemi kujera ta zauna.

"Inna, aikina ya rushe. Ukun nan na cire musu enzayim, wato sinadarin da ke farfasa musu sukari mai wuyar narkewa. Bai kamata su tsira ba. Tunda sun tsira, ba ta nan za a samo magani ba."

Ashe gyaran gangar auzinawa Inna ta yi. Ta je ta ɗauko ɓoyayyun, ta faɗi gaskiya kanta a ƙasa.

Dakta ta jera su a gaban taga, ta daɗe tana kallo. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Inna, kin san abin da kika yi? Da sai a ce da ma matattu na shuka. Yanzu kin nuna da ransu, abincin ne ya gagare su. Gwajin da ya rage min ke nan."

Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta rage murya. "To 'yar nan, ki rufa min asiri. Kada kowa ya ji a hannuna suka ƙi."

"Asiri? Hotonsu zai fito a takardar binciken, da sunanki a ƙasa."

Inna ta harari faranti ukun da babu komai a cikinsu.

"To, a dai rubuta cewa na yi iya ƙoƙarina."