Muryar Da Ke Cikin Waya

Bilkisu ta sauke akwatin daga kanta a ƙofar shagon Sha'aibu mai gyaran rediyo, wuyanta na ciwo. Daga tashar mota ta tako da ƙafa, don tun da aka ƙaddamar da Shari'a 'yan kabu-kabun Kaura Namoda suka daina ɗaukar mata. Wannan ne zuwanta na biyu daga Zurmi. Wancan karon injin ta kawo, yau kuwa ta zo da kwarkwaron wayar da ke ɗauke da maganar, ta kulle shi a akwatin ƙarfe na mahaifinta.

Injin naɗar magana ne na zamanin da, wanda ba kaset yake ci ba, sai wata waya siririya kamar gashi. Mahaifinta, Malam Maitama, ya same shi hannun wani Kwara, ɗan Labanan, mai sayen gyaɗa lokacin yana aikin jirgin ƙasa. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, ba ta bar ko hoto ba, sai warwaron azurfa da ke hannun Bilkisu yanzu. Tun tana ƙarama tsohon yakan dafa injin ya ce, "Uwarki na nan ciki." Kullum yakan ce zai kai shi gyara bayan kaka. Kaka ta yi ta zuwa tana wucewa har aka kai shi makwancinsa bara.

"Hajiya, abin ga ya sha mani rai," in ji Sha'aibu, yana share ƙura. Mutum ne mai mita, amma hannunsa na da albarka. "Ɓeraye sun yi gida ciki. Bawul guda, ƙwan nan na cikinsa, sai Shinkahi na samo shi, cikin wani mushen rediyo. Bel ɗin da ka juya shi kau da robar tayar keke na yanka."

"Ya tashi dai?"

"Ya tashi. Saura wayar, ita ka ba ni tsoro. Tsatsa ta ci ta."

Ya zare bakin wayar a hankali ya ɗaura, ya ajiye rakoda da sabon kaset gaban lasifika, ya rage murya saboda masu wucewa. Injin ya yi gurnani, ya ɗumama. Bai yi nisa ba wayar ta tsinke. Sha'aibu ya ƙulla ta da farce kamar mai ƙulla zare, ya datse bakin.

"Kowane ƙulli yana cin kalma guda ko biyu," ya ce. "Ki yi haƙuri."

Bilkisu ta ƙura wa ƙullin ido. Kalma nawa uwarta ta faɗa da har za a yi ta ci?

Sai ga murya cikin shuuu kamar ta ruwan sama. Namiji ne, saurayi, yana dariya. Ta daɗe kafin ta gane mahaifinta, domin ba ta taɓa jin sa yana irin wannan dariyar ba.

"Ke, matso kusa. Ce wani abu mana."

Ko a nan bai kira sunan uwarta ba. Al'adar mutanen da ce, miji ba ya kama sunan matarsa ta fari.

Wata mace ta amsa da ƙarfi, Bilkisu ta zabura. Sai kuma ta koma ta zauna. Inna Asta ce, yayar uwarta da ta raine ta, ita ma ta riga mu gidan gaskiya.

"Ƙyale ta, Maitama! Ga ciki ya tsuhwa, ka ce ta yi magana gabana? Ta ruhe huska."

"To ko sallama ki yi. Ɗanki zai ji wata rana."

Shiru. Bilkisu ta riƙe numfashi, Sha'aibu ma ya daina motsi. Aka ji ƙarar warwaro, kacau-kacau, irin ta mai ɗaga hannu ta kare baki. Aka ji wata 'yar dariya da aka danne ta tun ba ta fito ba, sannan takun ƙafa yana nisa.

"Ta gudu ɗaki," in ji saurayin. "Ba komi. Gobe ma rana ce."

Wayar ta ƙare, bakinta na kaɗawa a iska.

Sha'aibu ya duba kwarkwaron, ya duba akwatin ko akwai wani, babu. Bilkisu ta so ta ji haushin tsohon, ta kasa, don bai yi mata ƙarya ba. Uwarta na ciki. Kunya ce ta hana ta magana.

Ladan ya kira la'asar a masallacin bakin tasha. Sha'aibu ya ciro kaset ɗin ya miƙa mata, ba ta karɓa ba. Ta goge ido da gefen hijabi, warwaron hannunta ya yi kacau. Ta tsaya cak tana kallonsa.

"Malam Sha'aibu," ta ce, "in ka dawo salla, maido mani wurin da ta ɗaga hannu."