Wayar Juma'a daga Zauro

Shekara da shekaru zauren Malam Dikko a Birnin Kebbi shi ne gidan ƙungiyar masu rediyo. Ƙungiya dai a suna, don su huɗu ne rak, kuma uku cikinsu shan shayi ya fi kawo su. Mai aikin shi ne Attahiru, wanda ya koyi buga waya, wato aika saƙon rediyo da ƙwanƙwasa, a yaƙin Bama, ya dawo da kunne ɗaya da taurin kai na mutum goma. Da hannunsa ya harhaɗa akwatin aika saƙon daga tarkacen soja, ya yi ta sintiri har Turawa suka gaji suka ba shi lasisi.

Kowace Juma'a bayan la'asar yakan buga wa Tamba, abokin yaƙinsa da ke Argungu. Tamba ya bar ƙafafunsa biyu a Bama, ba ya zuwa ko'ina. Yana da nasa ɗan akwati, kuma duk mako wannan ƙwanƙwasar yake jira.

Sai Malam Dikko ya rasu, aka raba gado, zaure ya faɗa wa 'yarsa Kulu. Ta zo da kanta ta durƙusa gaban Attahiru.

"Baba, ku gahurce ni. Albasa za mu zuba zauren ga, ba mu da wani wuri."

"Tashi, ɗiyata, haƙƙinki na," in ji Attahiru. Ko fuska bai ɓata ba, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Samun ɗaki ba wuya. Wuyar ita ce akwatin ba ya magana sai an ɗaure masa doguwar waya a bisa, an kuma kafa masa ƙarfe a ƙasa mai laima. A zauren Dikko, kan ƙarfen nan suke alwala duk su huɗu, shi ya sa ƙasar ba ta taɓa bushewa ba. Attahiru ya zaga gari, inda ya sami itace mai tsawo sai ƙasa ta zama tsandauri. Juma'a ta zo ta wuce shiru. Ya san Tamba na can yana bugawa ba mai amsawa, tuwo ma ya kasa ci.

Juma'a ta gaba ya ɗora akwati da batir bisa jaki, ya ce Zauro za shi. Abokansa suka ce tsufa ya fara taɓa shi, amma suka bi shi da tukunyar shayinsu. Wani masunci, Hodi, ya tsallakar da su cikin jirgi zuwa wata giginya a tsakiyar fadamar shinkafa, ya hau ya ɗaure wayar. Attahiru ya naɗe wando, ya shiga taɓo har gwiwa, ya soka ƙarfen. Nan kam ba a bukatar buta.

Ya aza akwatin a bakin jirgi ya fara bugawa. Kafin ya ƙare kira amsa ta shigo, da sauri, tana tuntuɓe. Bugun Tamba ne, ya san hannunsa.

"Na aza ka mutu. Ina kake?"

Attahiru ya dubi ruwan da ya kewaye shi, da sauron da ke cin ƙaurinsa. Ya share ido da hannun riga, ya buga:

"Ina nan. Ba ni labari."