Naɗin Auta

Gasar ba ta da wasu ƙa'idoji masu yawa. Kowane ɗalibi zai ƙera ɗan injin da iska za ta juya ya ba da wuta, a ajiye shi gaban babbar fanka, a jona masa mita. Wanda allurarsa ta fi hawa shi ya ci, kuma Injiniyan da zai yi alƙalanci zai ɗauke shi koyon aiki a masana'antarsa duk tsawon hutu. Doka ɗaya malamin kimiyya ya rubuta a allo har ya ja mata layi biyu: kada hannun babba ya taɓa.

Auta ta ƙwallafa rai a kan wannan gurbi. 'Yar mai gyaran fanka ce, amma kada wannan ya ruɗe ka, a shagon babanta ko sukudireba ba ta isa ta ɗaga ba. In ta kai masa abincin rana sai ya nuna mata benci da haɓa, ya ce, "Zauna can, waya ba zaren saƙa ba ce." To, ya hana hannu, ya manta da ido. Shekara shida tana kallon yadda yake naɗa waya yana ƙirga zagaye da leɓe, in ya gama ya ɗaure bakin da jan zare, ƙulli biyu.

Mako uku ta yi tana aikinta a bayan ƙofar kicin, bayan an tashi daga makaranta. Farfela ta yanka daga tsohon bututun roba, maganaɗisu ta ciro daga matacciyar sifika, waya kuwa daga ƙonannen koyil, wato naɗin wayar cikin fanka, da baban ya yar a shara. Sau huɗu tana warwarewa tana sakewa. Wayar ta yayyanka mata yatsu har ruwan wanke-wanke na sa ta ƙwalla. Da ta gama ta ɗaure da jan zare, ƙulli biyu, don a iya saninta haka kowa yake rufe naɗi.

Ran gasa ɗakin taro ya cika maƙil da iyaye. Aka yi ta kawo injuna. Wani ya yi 'yar rawa ya kife, wani farfelarsa ta tsinke ta kusa tafiya da tabarau ɗin shugaban makaranta. Da aka zo kan na Auta, sai ya ɗauki juyi sumul ba ko ƙara. Allurar mita ta haura ta wuce ta kowa nesa ba kusa ba, ɗan ƙwan fitilar ya kama tar. Ɗaki ya ɗauki tafi.

Malamin kimiyya bai tafa ba. Shi irin mutanen nan ne da kama laifi ya fi musu cin abinci daɗi. Ya sunkuya ya leƙa cikin injin, ya ɗago yana murmushi.

"Wannan jan zaren na san shi. Fankar ɗakina da babanki ya gyara, irin ƙullin nan ne a cikinta."

"Malam, wallahi ni na naɗa," in ji Auta. "A ba ni waya yanzu in sake a gaban kowa."

"Ba ma sai mun ɓata lokaci ba. Ga babanki can, a tambaye shi."

Hankalin Auta ya kwanta. Baban ko ganin injin bai taɓa yi ba, zuwan ma sai da mahaifiyarta ta yi ta lallashi. Ya taso daga kujerar baya yana goge hannu a riga.

Injiniya na riƙe da koyil ɗin yana jujjuya shi a haske. Ya dubi baban Auta ya ce, "Shekara ashirin ina wannan harka, a cikin ma'aikatana babu mai naɗi haka. Duk wanda ya yi wannan gwani ne. Malam, in kai ne, ina da injuna jibge suna jiran irin hannunka."

Shekara talatin mai gyaran fanka yana cikin ƙura da warin ƙonanniyar waya, ba wanda ya taɓa ce masa gwani, balle a gaban jama'a. Auta na kallo kansa ya kumbura. Ya gyara murya, bai dubi inda take ba.

"To, ranka ya daɗe, ka san sha'anin yara. Aikina ne. Ita dai takan miƙo mini waya."

Dariya ta tashi. Malamin kimiyya ya zaro jan biro ya soke sunanta a hankali, yana jin daɗin kowane harafi. Aka ba wani yaro gurbin, wanda wutar injinsa ko rabin tata ba ta kai ba. Wata uwa a layin gaba ta ce da ƙarfi, "Ka ga ƙaramar yarinya da rantsuwar ƙarya!" Auta ta buɗe tafin hannunta don a ga yankan waya, ba wanda ya kalla. Ta sauke hannun, ta koma wajen injinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A hanyar gida ita ke rungume da injin, baban na gaba yana ta shafa katin da Injiniya ya ba shi. Sai da suka kai ƙofar shago ya juyo, ya waiga dama da hagu, ya rage murya.

"Ke, share fuskar nan, me aka yi miki? Gobe ba za ki makaranta ba. Ki zo da sassafe ki nuna mini yadda kika yi naɗin nan, kafin mutumin ya aiko da injunansa."