Daftari Na Sha Tara

"Mayar da kalmar jiya," in ji Lauya daga kan gado. "Wannan ta yi nauyi."

Mai Tafireta ta zare tabarau ta dangwarar a kan tebur. "Haba Lauya! Jiya cewa ka yi waccan ta yi sanyi. Wasiƙa ce fa zuwa ga 'yarka, ba rigimar kuɗin fito ba."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta tallafe shi ta ba shi ruwa, ta ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannunta.

Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ita ta yi ritaya daga buga takardu a kotu. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana wakiltar gwamnati a teburin yarjejeniyar ciniki da ƙasashen waje: harajin da za a sa wa auduga a bakin iyaka, kayan da za su shigo, inda za a kai ƙara in an saɓa. Ya taɓa tsare wakilan ƙasa arba'in kwana tara a kan sakin layi guda, don kada a durƙusar da manoman auduga. Cikin kwana taran nan matarsa ta rasu. Sau uku ana kiransa a waya yana cewa saura kaɗan. 'Yarsa ita kaɗai ta rufe wa uwarta ido, ta tattara nata ta bar ƙasar. Shekara goma sha ɗaya, ko gaisuwa.

A wurin aikinsu, duk layin da ɓangarorin biyu ba su amince da shi ba, kewaye shi ake yi da jan biro, takarda kuwa ba ta fita sai jan ya ƙare. Layin da aka daidaita, kowa ya sa harafin farko na sunansa a gefe. To haka bawan Allahn nan ya ɗauki wasiƙar ban haƙuri! Daftari goma sha tara Mai Tafireta ta buga masa. Ja duk ya kau, sai a layin ƙarshe: "Har yanzu ni babanki ne."

"Ka cire jan nan mu aika."

"Ba ni kaɗai zan yanke wannan ba, maƙwabciya. Sai ɗaya ɓangaren ya yarda."

"Ta ina za ta yarda da abin da ba ta gani ba?"

"Ba a fitar da daftari."

Takaici ya kama ta kamar ta fashe da kuka. Ilimi har wuya, amma tsoron 'yar cikinsa ya hana shi motsi.

Ranar Talata likita ya ja ta gefe a baranda, ya ce ƙodar ta daina aiki, magana ce ta kwanaki. Ta koma ɗakinta ta shimfiɗa takardar a kan gado. Duk zamanta a kotu ba ta taɓa fitar da takardar kowa ba. Ta ɗauki hoton takardar da waya, ta tura wa lambar 'yarsa da ta daɗe da ajiyewa. Kafin ruwan shayi ya tafasa amsa ta shigo: "Ina tafe ranar Alhamis."

Washegari ta faɗa masa gaskiya. Ya juya fuska bango.

"Da jan kika aika?"

"Da jan."

"To a kira wanzami. Ki ɗauko mini farar rigar nan."

Ranar Alhamis tun da safe yana jingine da filo biyu, an yi masa aski tsaf, idonsa a ƙofa. Duk motar da ta tsaya a layin sai ya ɗaga kai. Da hantsi ya tambayi lokaci. Kafin Mai Tafireta ta gama duba agogo, kansa ya karkata.

Sai bayan uku tasi ta tsaya. 'Yar ta shigo da akwati, takardar filin jirgi na lilo a hannun akwatin. Ta ga mutane a tsakar gida, ta ga fuskar Mai Tafireta, ta saki akwatin.

"Gwaggo, ya san ina zuwa?"

"Ya sani, 'yar nan. Dominki aka yi masa aski."

Nan kukan ya kece musu su biyu.

Da jama'a suka ragu, 'yar ta zauna a teburinsa ta ja daftarin gabanta. Tun tana ƙarama take kallonsa yana aikin nan, ba sai an yi mata bayani ba. A gefen layin da ke cikin ja, harafinsa na nan, a karkace, ya sa tun jiya. Ta buɗe bironsa ta sa nata a ƙarƙashi, ta mayar da murfin, ta ajiye shi kusa da tabaransa.