Wankan Tsoho Krijn

Wari ne ya fara sanar da Neeltje Wisse cewa ba lafiya a gidan maƙwabcinta. Ranar Talata da hantsi tana shanya zannuwan gado a bayan gida, iska ta taso daga wajen teku ta bi ta kan shinge, ta kawo mata ɗoyi kamar na kifin da aka manta a rana. Ta yi tsaki ta ci gaba da shanyarta. Sai da ta lura labulensa na nan a rufe tun Asabar, ga jaridu uku maƙale a bakin ƙofa, sannan hannunta ya tsaya.

Shekara ashirin da biyu rabonta da taka ƙofar Krijn Padmos. A wancan lokaci yana cikin dattawan ikilisiya, mai baƙar kwat da baƙar hula, wanda in ya yi gyaran murya a coci yara kan haɗiye alewarsu ba shiri. Shi ne ya tsaya kai da fata sai an karanta sunan 'yarta Tanneke a gaban jama'a, saboda ta yi ciki ba aure. Mijin Neeltje, Marinus, ya je har gida ya roƙe shi a rufa asiri. Krijn ya ce shi ba ya lulluɓa wa zunubi bargo, ko na ɗan cikinsa ne. Aka karanta sunan. Tanneke ta haɗa kayanta ta tafi birnin Rotterdam, ba ta sake kwana a ƙauyen ba. Bayan shekara huɗu Marinus ya rasu. Daga baya matar Krijn ma ta rasu, ya kama kwalba, aka sauke shi daga kujerar dattawa shiru-shiru ba tare da an karanta sunan kowa ba, mutane suka riƙa tsallaka titi in sun hango shi.

Neeltje ta daɗe tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu. Can ta rataye shi, ta zaga ta ƙofar baya.

Ƙofar a buɗe take. Da ta tura, ƙudaje suka tashi mata a fuska. Tukwane jibge a kan tebur, abin da ke cikinsu ya yi gashi kore. Kwalabe a ko'ina, jaridu sun jiƙe sun manne da daɓe, wata kyanwa tana lasar takardar da aka naɗo kifi. Tsakanin murhu da ƙafar tebur kuwa, ga Krijn kwance a gicciye, wandonsa ya bushe da abin da ya fita daga jikinsa na kwana uku.

Ya buɗe ido ɗaya. "Wa ya kira ki?"

"Warinka," in ji ta. Ta fita da sauri ta yi amai a gindin shinge, ta goge baki, ta koma gida ta buga wa likita waya.

Likitan ya duba shi ya ce ƙashi bai karye ba, ƙugu ne ya bugu, sai yunwa da ƙishirwa. Ya ce a tafi asibiti. Krijn ya ce in an ga ya fita daga gidan nan to a akwati ne. Likitan ya ja Neeltje waje ya ce mutumin yana cikin hankalinsa, ba a tilasta masa. Nas za ta riƙa zuwa sau biyu a mako, gidan tsofaffi kuma a cike yake, sai dai a sa sunansa a layi.

"Yana da wani nasa?" in ji likitan.

"Ɗan ƙanensa, a Kanada."

Likitan ya tsaya yana kallonta. Ta ji haushin kallon nan har cikin haƙoranta.

Da rana ta kira Jacomien Poppe, shugabar zumuntar mata, wadda mijinta ne yanzu yake zaune a kujerar da Krijn ya bari.

"Allah sarki," in ji Jacomien. "Kin ga ƙarshen mai shan giya ke nan. Za mu sa shi a addu'a, Yaya Neeltje. Ranar Alhamis muna da zama, zan kawo maganar."

"Yau Talata, Jacomien. A cikin kashinsa yake kwance."

"Haba, Yaya, wace irin magana ce wannan a waya? Bari dai in dafa masa miya."

Miyar ta zo da la'asar. Jacomien ta jingine kekenta can nesa, ta toshe hanci da hankici mai turare, ta ajiye tukunyar a kan dakali kamar mai ajiye wa kare. Ta ce don Allah a wanke tukunyar da ruwan zafi kafin a mayar mata.

Neeltje ta ɗora ruwa a wuta. Ta ɗauko bokiti biyu, sabulu, almakashi, da safar hannu ta roba da take wanke bayan gida da ita. Wandon bai ciru ba, sai da ta yanka shi. Fatar cinyarsa ta yi ja ta saɓule, akwai gyambo a ƙugu mai fitar da ruwa. Ƙumbar ƙafarsa ta lanƙwashe ta yi rawaya kamar ƙahon rago. Ta riƙa numfashi da baki, ta sa soso ta goge, ta zubar da ruwa, ta ɗebo wani. Sau biyar tana sauya ruwa kafin ya daina fitowa baƙi.

"Hannunki kamar na mai goge jirgi," in ji shi.

"Jirgi ya fi ka tsafta. Ɗaga hannu."

"Matata ba ta taɓa yi mini magana haka ba."

"Shi ya sa ta riga ka tafiya, ta huta."

Ta ba shi miyar da cokali. Ya kurɓa sau biyu ya tofar a kan rigar da ta sa masa yanzu-yanzu, ya ce ba gishiri, kuma ya san hannun Jacomien Poppe ne, ita ko addu'arta ba ta da gishiri. Neeltje ta kusa yin dariya, abin ya ƙara ba ta haushi.

Haka aka shiga. Da safe ta wanke shi, ta sauya zanin gado, ta zubar da fo. Da rana ta kai masa dankali da kabeji. Buhu goma sha ɗaya na shara ta fitar daga ɗakin girkin kaɗai. Warin ya kama gashinta da ƙarƙashin farcenta, har burodi da cuku in ta kai baki sai ta ji shi. Zumuntar mata ta yi zamanta ranar Alhamis, aka yanke shawarar aika masa kati mai hoton fure, kowa ta sa hannu.

Ranar Lahadi ta zauna a bencinta na kullum, na huɗu daga baya. Bayan an rera zabura, Fasto Verhage ya hau mumbari. Saurayi ne, bai fi shekara biyu a ƙauyen ba, mai taushin murya da fararen hannuwa. Ya yi wa'azi a kan doka mafi girma, cewa mutum ya ƙaunaci Ubangiji da duk abin da ke cikinsa, ya kuma ƙaunaci maƙwabcinsa yadda yake ƙaunar kansa. Takardun alewar na'a-na'a suna ƙara a benci-benci. Can wajen ƙarshe ya ce zuciyarsa ta yi sanyi a makon nan, ganin yadda ikilisiya ta rungumi wani ɗan'uwa da ya faɗi. Jacomien ta sunkuyar da kai ƙarƙashin hularta, irin sunkuyawar wadda aka yaba. Matan da ke gefenta suka yi haka su ma. Neeltje ta ji miyau ya taru mata a baki, irin wanda ke zuwa kafin amai. Ta haɗiye.

Da yamma Tanneke ta bugo waya. Labari ya riga ya kai mata.

"Inna, da gaske ne? Mutumin nan kike wa wanka?"

"Ba mai yi."

"To ya ruɓe mana. Kin manta ranar da na tsaya a gaban mutum ɗari uku? Yana can gaba yana gyara hula."

"Ban manta ba."

"Ya taɓa cewa a yafe masa?"

"Bai ce ba."

"To ni dai ban gane miki ba, Inna." Ta ajiye wayar.

A mako na uku ne, tana cikin goge masa baya yana zaune a kan kujera tsirara, ƙafafunsa cikin baho, ya ce, "Yarinyar nan taki, har yanzu tana birni?"

"Tana can."

"Abin da ta haifa fa?"

"Sunanta Lieke. Tana karatun aikin jinya."

Neeltje ta tsayar da soso tana jira. Ta san tana jira, ta kuma san abin da take jira.

"Daidai na yi," in ji shi. "Ko yau aka dawo, haka zan yi. Doka doka ce."

Ta saki soson a cikin ruwa. Ta cire safar hannu ta ajiye a kan tebur, ta fita, ta bar ƙofar baya a buɗe. Watan Nuwamba ne, iska tana kaɗawa daga teku. Ta shiga gidanta ta dafa gahawa, ta zauna kusa da taga. Bangon da ya raba gidajensu ba kauri, tana jin sa. Da fari zagi yake yi. Daga baya ya koma kiran sunanta. Daga baya muryar ta sirance, ta zama kamar ta ɗan akuya. Ta sha gahawarta a hankali, kuma gahawar ta yi mata daɗi. Rabon da wani abu ya yi mata daɗi a baki tun ranar Talatar nan. Da ta gane haka sai ta dubi kofin, ƙyama ta kama ta, wadda ta fi ta fo da ta gyambo. Ta tashi ta zubar da sauran.

Ta same shi yana rawar ɗari, leɓɓansa sun yi shuɗi, ya sake ɓata kujerar. Ta ɗora wani ruwan, ta fara daga farko.

Washegari ta tari Fasto Verhage a bakin coci yana kulle kekensa.

"Inna Wisse, ai ke nake son gani. Abin da kike yi, wa'azi ne da ya fi nawa."

"Fasto, bar wannan. Tambaya na zo yi. Ni ba na ƙaunar mutumin nan. Ƙyamarsa nake ji, jikinsa da halinsa duka. Jiya na bar shi tsirara cikin sanyi, na ji daɗi. To dokar da ka karanta, na cika ta ko ban cika ba?"

Ya gyara tabarau. Ya ce ƙauna ba a zuciya kaɗai take ba, wani lokaci a hannu take. Ya ce Allah yana ganin abin da mutum bai gani a kansa. Maganar ba laifi, ta ji kamar a littafi ya karanto ta.

"In a hannu take, gobe ƙarfe takwas nake juya shi. Yana da nauyi, bayana ya fara ciwo. Ka zo ka kama mini."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce gobe yana da taron fastoci a garin Goes. Ta ce jibi fa. Ya ce zai zo.

Ya kuwa zo, wannan kam ba za ta musa ba. Ya naɗe hannun riga ya kama kafaɗun tsohon. Da aka yaye bargo ya ga gyambon, fuskarsa ta yi fari fat, ya fita ya tsaya a gindin shinge. Krijn ya ce, "Wannan ne suka kawo ya kiwata tumakin Ubangiji?" Faston ya dawo ya ƙarasa aikin, idanunsa na ruwa. Ya sake zuwa sau biyu. Daga nan ayyuka suka yi masa yawa.

Krijn bai kai ga gidan tsofaffi ba. A farkon Fabrairu ciwon huhu ya kama shi, ya yi kwana biyar. Ranar ƙarshe da hantsi Neeltje tana jiƙa masa leɓe da auduga, ya kama wuyan hannunta da ƙarfin da ba ta zata ba. Ta sunkuya ta ji abin da zai ce. Ya ce ruwan ya yi sanyi. Bai sake magana ba.

Coci ya cika ranar jana'iza. Mijin Jacomien ya tashi a madadin dattawa, ya ce marigayi ya yi tuntuɓe a rayuwa, amma ikilisiya ba ta yar da shi ba, ta riƙe shi har numfashinsa na ƙarshe. Bayan an dawo daga maƙabarta aka zauna shan gahawa da burodi. Jacomien ta matso da kujerarta, ta dafa hannun Neeltje.

"Yaya, muna so mu rubuta ɗan wani abu a jaridar ikilisiya, yadda muka kula da shi. Ko za ki ba mu kalma biyu? Ke kika fi mu kusa."

Neeltje ta janye hannunta. "Rubuta cewa kashinsa baƙi ne saboda maganin da yake sha, kuma sai an jiƙa shi kafin ya fita daga gashin cinya. Sauran ku kuka sani."

Wata ta ajiye burodinta. Jacomien ta ce a hankali, baƙin ciki ne, kowa da yadda yake ɗaukarsa, matan suka gyaɗa kai.

Neeltje ta ɗauki jakarta ta fita. Ana yayyafi. Ta bi ta gefen madatsar ruwa zuwa gida, tana tafe tana lissafin abin da ya rage: gadon asibitin da aka ba shi aro, wanda za a zo ɗauka ranar Litinin, katifar da sai an ƙone, da makullin gidan, wanda ba ta san wa za ta miƙa wa ba.